Agogon Mijin Anti

Wallahi har yau in na tuna abin da lauyar nan ta faɗa sai tsigar jikina ta tashi! Amma tsaya, na yi gaba da yawa, bari in dawo da ku.

Ni tafinta ce a Guangzhou. Ban shiga aji ba, a bakin masu shagunan kasuwar Shisanhang na tsinci yaren Sin, ina "lawban, maigida, rage mana", suna "meyo, babu". A benenmu na unguwar Dengfeng akwai wata mata da kowa ke ce wa Anti, tana yi wa 'yan kasuwa tuwo da miyar kuka. Mijinta ejan ne na masu aika kaya gida. Wata rana da azahar ya shigo, ya zauna, ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur. Anti ta ɗauko ƙatuwar muciyar tuwo ta sauke masa a ka. Bai mutu ba, amma ya daɗe a asibiti, ita kuma aka tsare ta. Ɗauri mai tsawo ke jiranta a ƙasar mutane, ga 'yarta ƙarama a hannun maƙwabta.

Lauyar da aka ba ta, wata siririyar 'yar Sin da ba ta rabuwa da gorar ruwan zafi, ta ce in tara mata maƙwabta in yi tafinta. Kafin ta iso, Alhajin da ke sasanta mutanenmu ya ja mana kunne. "A rufa wa baiwar Allah asiri. Kowa ya ce lafiya suke zaune. In aka ce suna faɗa, sai a ce ta daɗe da shi a rai."

Haka kuwa aka yi, lauyar na tambaya, suna amsawa. Yana dukanta? Lafiya lau suke. Kun taɓa jin kuka? A'a, mutumin kirki ne. Ina fassarawa, ina ganin fuskar lauyar tana sauyawa.

Can ta ce, "Gaya musu, in lafiya suke zaune, to ta fasa kan mutumin da ke zaune bai yi mata komai ba. Ba ni da abin da zan faɗa wa alƙali."

Sai ta yi bayani, ina juyawa Hausa. Ta ce masana sun daɗe da gano halin da mace ke shiga in duka ya daɗe a jikinta. Takan kai inda ba ta ganin ƙofar fita ko da a buɗe take. Kuma takan haddace alamun mijin, ta hango dukan tun bai ɗaga hannu ba. Kariyar kai da aka sani ita ce a kawo maka hari ka tare. Amma irin wannan matar, a wurinta harin ya riga ya fara. Ta ce a wasu ƙasashe har likitan ƙwaƙwalwa ake kira ya bayyana wa kotu wannan. A nan ba lallai a wanke ta ba, amma alƙalai kan duba su sassauta, in akwai shaida.

Jama'a, ashe shari'a na iya leƙa cikin tsoron mutum ta auna shi! Ni da na ɗauka iyakarta wa ya bugi wa.

Hajiyar da bangon ɗakinta ke haɗe da na Anti, wata dattijuwa mai sarin atamfa, ta gyara mayafi. "'Yata, gaya mata bangon nan kamar kwali yake. In na ji ƙarar agogonsa a kan gilashin tebur, sai in ɗora ruwa a wuta, don na san yau akwai gashin jiki. Ba ya son agogon ya fashe, shi ya sa yake cirewa tukuna."

Alhaji ya ce, "Hajiya, a bi a hankali dai."

"Hankalin naka ne ya kai ta inda take, Alhaji. Sau nawa ta gudo da kumburarren ido ka ce ta yi haƙuri ta koma?"

Da lauyar ta waiwayo gare shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne. Ni nake mayar da ita."

Daga nan baki ya buɗe. Mai shagon waya ya faɗi nasa, ɗaliban da ke cin tuwonta suka faɗi nasu.

Ba a saki Anti nan take ba, amma alƙali ya sassauta sosai. Yarinyar na wurin Hajiya, kuma in Allah ya yarda uwarta za ta fito tun tana ƙarama.

Tun ranar nake bin maganar nan a waya, ina karantawa a jirgin ƙasa har tashata ta wuce. Ku fa? A unguwarku, an taɓa rufa wa wata asiri har aka kusa binne ta? Don Allah ku ba ni labari.