Gyara a Gefen Takarda

Namadi ɗan Sanyinna ne, daga gidan masu kwafar littattafai da hannu. Abu guda mahaifinsa ya dasa masa: almajirin ilimi ba ya soke kalmar malaminsa. In ya ga kuskure, sai ya rubuta gyaran a gefe, ya bar asalin yadda yake.

A shekarun da arzikin mai ya bunƙasa, aka tura shi kwas, aka ba shi aiki a wani ofishin gona a Sakkwato, wurin kwamfuta mai girman kabad. Kafin ta yi aiki sai an haɗa mata tsarin da ke tafiyar da ita. Takan yi tambayoyi wajen arba'in: wace irin ƙwaƙwalwa ke cikinta, nawa take iya riƙewa. Injiniyan da ya koya masa ya bar masa takardar amsoshi, ya koma ƙasarsu.

A 1981 aka ɗauke tsohuwar, aka kawo sabuwa mai ƙwaƙwalwa daban. Ita za ta fitar da sunayen manoman Tambuwal da Kebbe da za a kai wa taki kafin ruwa ya yanke hanya. Namadi ya ga amsa ta bakwai ba ta dace da sabuwar ba. Ya daɗe riƙe da biro. Sai ya rubuta gyaran a gefe, da ajami. Ran nan aka aiko mahaifinsa ba lafiya, ya tafi.

Ni'imatu mai buga keken rubutu ta shigar da abin da ke tsakiyar takarda. Kwamfuta ta ƙi tashi, har kwana goma sha ɗaya.

"Malam Namadi, ka san ba daidai ba ne, kab bar shi?" ta ce da ya dawo.

"Na gyara a gefe."

"Wanga? Ni na ɗauka addu'a kar rubuta mata."

Bai yi dariya ba. Ya zauna ya tsara sabuwar takarda, kowace irin ƙwaƙwalwa da shafinta da amsoshinta. Kwamfuta ta tashi, amma ruwa ya riga ya sauka, motar taki ba ta kai Fakku, can cikin ƙasar Kebbe, ba.

Aka mayar da shi Tambuwal, ofishin da babu kwamfuta. Da kaka ya je Fakku gai da kawunsa Ɗan'iya. Tsohon bai ambaci taki ba. Ya dai zaga da shi gona a hankali, ya tsaya, ya gwada tsawon karan gero da ƙugunsa, iyakarsa ke nan.