Ranar da Baba Ya Rushe Rumfar Sujada

Wata Lahadi a tsakiyar damina, ina 'yar shekara tara, na dawo daga hafir, tafkin da muke ɗiban ruwa, da jarkar ruwa a kaina na tarar da Baba yana cire kararen rumfar sujadarmu da hannunsa, yana jifa da su cikin laka. Mako guda ke nan da binne ƙanena Iliya.

Baba mai wa'azin bishara ne. Daga Najeriya ya kwaso mu, ya sauke mu a wani ƙauyen manoma tsakanin Gadarif da Hawata, inda Hausawa Musulmi ke noman dawa da riɗi a manyan gandayen noma da ake kira mashru'i. Sun karɓe mu da shayi da kisra, wata siririyar wainar dawa, 'ya'yansu suka koya mana gina shanu da baƙar laka da korar tsuntsaye a gona. Amma shekara da shekaru, duk Lahadi mu kaɗai ne a rumfar nan: Baba yana wa'azi da ƙarfi kamar ga taro, ni da Mama da Iliya muna amsa waƙa, awaki suna leƙe. Tun muna hanya yake cewa, "Kafin ku girma wurin nan zai cika." Da bai cika ba sai fuskarsa ta riƙa ɗaurewa, har muka fara tsoron tarinsa.

Sai zazzaɓin kalazar ya kama Iliya, cikinsa ya kumbura. Ruwa ya kashe hanya. Maƙwabcinmu Hajji Adam ya ɗauko tarakta, suka kwana biyu suna kokawa da taɓo, yaron ya cika a cinyar Mama ba su kai asibiti ba. Tun daga nan Baba bai ƙara buɗe Littafi ba, ko albarkar abinci ya daina sa wa.

Ran nan da yake rushe rumfar, Mama ta fito ta tsaya a bayansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, rumfar taka ce ko ta Ubangiji?" Ya tsaya da kara a hannu. Sai ya zube a gwiwa cikin laka, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, yana cewa, "Ubangiji, sunana nake nema, ba naka ba. Yaron ma naka ne. Ba ni da komai."

Ba mu koma Najeriya ba. Da kaka ta yi ya shiga yankan riɗi tare da leburori, ya rage magana, ya zama mai zaman jinya a gidan kowa. Ya sake tayar da rumfar, amma ba ta taɓa cika ba har ya rasu.

Yanzu ina zaune a cikin garin Gadarif, asibiti na nan kusa, 'ya'yana ba su san cutar nan ba sai a labari. Wani lokaci nakan yi fushi da hanyar da ta cinye Iliya. Amma uban da nake kewa shi ne wanda ya tashi daga lakar nan.