Jirgin Ilu da Tarago Goma

Da damanar nan da ta wuce Ilu maƙeri ya cika shekara ashirin da biyar a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ɗan kawuna ne, wato taubashina, kuma a Bande ya yi ƙirarsa tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuwa boko ta ɗauke ni, na zama tafinta a barikin Magariya zamanin Faransa, shi ya sa har ya mutu bai daina kirana Mushe ba, wato yallaɓai a bakin Faransawa, don tsokana. Akwai wata magana tasa da na daɗe ina riƙewa a ciki. Yanzu haƙorana sun zube, sa'o'ina sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, na ga in ban faɗe ta bana ba wataƙila da ni za a rufe ta.

Kafin yaƙin Turawa, Ilu ya bi ayarin jakunan gyaɗa zuwa Kano a kan zai kwana uku ya sayo tagulla. Wata huɗu ya yi. Jirgin ƙasa ya gani, hankalinsa ya tafi. Kullum yana tsugune a gefen tasha, har wani mai zuba wa jirgi gawayi ya ji tausayinsa, ya riƙa barinsa yana leƙa ciki yana tambaya. Da ya dawo gida sai ya shiga ƙera nasa. Shekara biyu yana abu ɗaya, mutanen gari suna cewa ya taɓu. Tukunyar tururin ta tagulla ce, jikin na garwar kananzir, dogon da yake bi kuma ƙarfen ɗaurin dilar atamfa ne ya kafa a kan itace. Tsawon kan jirgin bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Amma in aka zuba masa ruwa aka hura gawayi, wallahi tafiya yake da kansa, yana huci, yana jan tarago uku a tsakar gida, kaji suna watsewa.

Yau jikokina suna wasa da motocin roba da ake kawowa daga ƙetare, kwana biyu sun karye an zubar. Nakan ce da Ilu na nan da ya tsince su ya farke cikinsu ya ga abin da ke juya su, sannan ya yi tsaki. Har yau kuma ƙasarmu ba ta ga jirgin ƙasa na gaske ba, sai dai a bakin masu neman ƙuri'a. Ban san ko dariya zai yi ko haushi zai ji ba in aka ce masa nasa ne kaɗai ya taɓa tafiya da tururi a ƙasar Magariya.

To, baki shi ke yanka wuya, kuma nawa ne ya yanka. Lokacin yaƙi ne, an rufe iyaka da ƙasar Ingilishi, an karɓe bindigogin maharba, an yi shela cewa duk wanda aka kama da albarushi ko dalmar harsashi, kaso ne, wato kurkuku, bayan bulala. Kumandan namu wani gajere ne mai saurin fushi, muna ce masa Jan Wuya a bayan idonsa. Aka aiko cewa wani babban baƙo zai zo daga Damagaram, Jan Wuya ya rasa abin da zai nuna masa ban da buhunan gyaɗa. Ni kuwa ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina neman a san da ni a biro, wato ofishin Kumandan, sai na buɗe baki na ce ai ɗan'uwana ya ƙera jirgi mai tafiya da wuta. Ya tambaye ni tarago nawa yake ja. Har gobe ban san shaiɗanin da ya hau harshena ba. Na ce goma, kowanne da tiyar gyaɗa.

Kashegari gardi biyu, dogaran bariki, suka je Bande suka zo da Ilu da jirginsa a kan jaki. Jan Wuya ya duba, ya ji daɗi, sannan ya ce in gaya masa saura kwana goma sha biyu. In jirgin ya ja tarago goma a gaban baƙo, za a cire sunan Ilu daga aikin tilas. In kuwa ya ba shi kunya, shi ne na farko a cikin mutanen da za a tura aikin hanya can arewa. Yaran yanzu ba su san abin da wannan ke nufi ba. Mu mun ga waɗanda suka dawo daga can, mun kuma san gidajen da har yau ba a dawo ba. Da bakina na fassara wa Ilu wannan, ina kallon ƙasa.

Da muka fito bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi, “Mushe, goma ka ce? Me ya hana ka ce ɗari, mu san mun mutu gaba ɗaya?”

Aka ba shi wata rumfa a bayan bariki, matarsa Hajo ta biyo shi don ta riƙa yi masa tuwo. Kwana uku ya ƙera sauran tarago bakwai. Da aka ɗaura su aka zuba gyaɗa, jirgin ya yi huci, ƙafafunsa suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, bai matsa ko taƙi ba. Ilu ya ƙara wuta, ya ƙara tururi, ƙafafun suka ƙara gudu, jirgin na nan inda yake. Ni da iyayi, na tuna yadda ake zuba wa keken ɗinki mai, sai na faki idonsa na shafe dogon duka da man gyaɗa. Ranar ko tarago ukun da ya saba ja ya kasa. Ilu ya shafa dogon da yatsa, ya sansana, ya dube ni ya ce ashe a lakol, makarantarmu ta boko, har soya jirgi ake koya mana. Yini guda muka yi muna goge ƙarfe da toka, ga kwanaki na tafiya.

Hajo ce ta warware mana, tana tankaɗe ba ta ko kallonmu. Ta ce ita dai abin da ta sani a bakin rijiya, yarinya marar nauyi ko tana da ƙarfi guga ne ke janta, ƙafarta na zamewa a laka, amma mai goyo takan kafe ta jawo. Kuma in wurin ya yi santsi busasshen rairayi suke watsawa. Ilu ya ajiye masaba. Ashe ƙarfin yana nan tun farko, nauyin da zai danne ƙafafun ne babu. Ya yi ɗan mazubi da ke zubo rairayi a gaban ƙafa, ya cusa guntayen ƙarfe duk inda ya sami wuri a jikin jirgin. Jirgin ya ja biyar, da ƙyar ya ja shida. Daga nan wuri ya ƙare, saura kwana huɗu.

Abu ɗaya ne ƙarami mai nauyin da ake so, mu duka mun san shi, kowa na tsoron ambata. Ilu ne ke zuba wa maharban yankinmu harsashi kafin a hana, kuma da aka zo karɓa bai ba da dalmar ba, ya binne ta a ƙarƙashin uwar maƙera. In aka gan ta, ba kaso kaɗai ba ne, sai an dake shi har ya faɗi sunayen maharban da ke da ita. Na roƙe shi ya bari in je in faɗi a gaban Jan Wuya in ce ƙarya na yi. Ya ce in na yi haka mu biyu za a tura arewa maimakon ɗaya, wa zai riƙe gidajen? Hajo ta tafi Bande ta dawo da dalmar a cikin ƙwaryar gero a kanta, ta wuce gardi suna yi mata sannu.

Ya narka ta ya zuba a cikin jirgin, daidai kan ƙafafun da ke ja, ya rufe da gwangwani ya shafa baƙin tukunya. Wurin kuwa dab da murhun jirgin yake, babu yadda za a yi. Aka gwada, jirgin ya yi nishi, ya kafe, tarago goma suka biyo shi. Na yi tsalle kamar yaro. Ilu bai yi murna ba. Ya kama hannuna ya ce, “Ka ji da kyau. Zagaye biyu kawai. In ya wuce haka wuta za ta kai ga dalmar, ta narke ta zubo. Kai ne mai bakin Turawa, ka san yadda za ka tsai da su.”

Ranar da baƙon ya zo, da hantsi, aka shimfiɗa dogon a zagaye a kan daɓen farfajiyar Kumandan. Turawa na zaune a kujeru, sarakuna a tabarmi, gardi a tsaye da bulala. Ilu ba takalmi, don talaka ba ya tsayawa gaban Kumandan da takalmi. Ni tafinta an yarda mini in sa nawa. Jirgin ya tashi, ya yi zagaye ɗaya, ya yi na biyu, gyaɗa ko ɗaya ba ta zube ba. Baƙon ya tafa, ya ce a sake. Na ce masa injin ya gaji, yana son hutu. Jan Wuya ya harare ni ya ce injin ba jaki ba ne. Aka yi na uku. Matar Kumandan ta ce ba ta ga yadda hayaƙin ke fita da kyau ba, aka yi na huɗu. Ina jin zufa na bin bayana har cikin wando.

A ƙarshen na huɗu Ilu ya tsai da jirgin, ya yi maza ya kwashe garwashin cikin kasko. Amma an makara. Na ga abin ya zubo daga ƙarƙashi, fari fat yana ƙyalli, ya taru a kan daɓe kamar faɗin dala. Baƙon kuwa ya riga ya miƙe yana tahowa. Taku uku ne tsakanina da wurin, ga takalmi a ƙafata. Ban motsa ba. Tsoro ya riƙe ni, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ilu ya tura jirgin gaba kaɗan kamar mai gyara shi, ya ɗora ƙafarsa ta dama a kan dalmar, ya miƙe tsaye ya haɗa hannuwa a ƙirji.

Sai baƙon ya fara jawabi. Ya yabi hikimar talakawan Faransa, ya yi maganar ranar da za a kawo dogo har Damagaram, ya yi ta zuba. Na dunƙule duka na ce da Hausa, ya ce an gode. Jan Wuya, da yake yana tsintar Hausa, ya daka mini tsawa ya ce in fassara duka. Haka na bi jawabin nan jimla jimla, ina kallon jijiyar wuyan Ilu ta tashi, zufa na ɗiga daga gemunsa. Matar Kumandan ta toshe hanci ta tambaya me ke ƙauri. Na ce man gyaɗa ne da ake zuba wa injin. Wannan ƙaryar ce kaɗai taimakon da na yi masa a ranar.

Da Turawa suka shiga cin abinci, Ilu ya tsuguna kamar mai tattara kaya, ya ɓamɓare dalmar ya tura cikin toka. Ya ce in gaya wa Kumandan jirgin na bukatar gyara a maƙera. Da ƙafarsa ya fita daga bariki, bai ɗingisa ba sai da muka sha kwana. A gida ya cire sauran dalmar ya mayar da jirgin bariki da guntayen ƙarfe a ciki, jirgin bai sake jan goma ba, Jan Wuya kuma bai sake tambaya ba tunda baƙo ya tafi. An cire sunan Ilu daga aikin tilas. Ba a taɓa maharbi ko ɗaya ba, jikokinsu na nan a Bande da Dogo-Dogo, ba su san komai ba.

Wani gardi ya ga abin da ya faru, bai tona ba, amma ya ba da labari a kasuwa cewa maƙerin Bande ya taka narkakken ƙarfe ko gezau. Mutane suka ce ai dama wuta ba ta cin maƙeri, gadonsu ne. Ilu bai musa ba, don maƙeri ba ya cewa ya ƙone. Wata biyu yana ɗaki a kan wai zazzaɓi ne, Hajo na yi masa magani a ɓoye. Shekarun da suka biyo baya mun yi tsokana iri iri, ya ce mini mai soya jirgi ya fi sau dubu, amma ko sau ɗaya bai ce mini ga takalmi a ƙafarka ba. Ni ma ban taɓa samun ƙarfin halin ba shi haƙuri ba, kuma wannan na damuna har yau.

Jirgin ya ɓace tun tafiyar Turawa, maƙerar ta zama shagon gyaran babur. Abin da ya rage a bakin mutane shi ne labarin asiri, ƴaƴansa ma da shi suke alfahari. Ni ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da na ɗaga ƙafar dama na ga rami a tafinta wanda babban yatsana zai shige, sai na yi sauri na ja zane na rufe don kada babban ɗansa ya gani. Na yi zaton mutuncinsa nake karewa. Yanzu na gane rage masa na yi, don mai asiri ba abin da ya biya. Ƴaƴan Ilu, ku yafe mini, ku kuma ji daga bakin wanda ke wurin. Ubanku ba shi da wani maganin wuta. Ta ci shi har ƙashi, tsayawa kawai ya yi.