Farantin da Muka Fuskantar Alƙibla

Shekarar da yanar ido ta fara rufe wa Inna gani muna haya a unguwar Magajiya a Suleja, kullum ina sammakon zuwa aiki Abuja. Ba ta taɓa zuwa Makka ba, ga ƙafa ta riga ta ƙi. Burinta ɗaya ne, ta ga Ka'aba ko a talabijin, kafin ganin ya tafi gaba ɗaya. Na samo tsohon farantin satalayit wajen wani abokin aiki, ƙato, sai da ƙarti huɗu suka shigo da shi.

Ni a ganina kiran mai gyara ɓata lokaci ne. Hoton da zai taso daga Makka, ina za a tare shi in ba gabas ba? Na roƙi limamin unguwa ya zo ya daidaita mana alƙibla, muka ɗaure farantin tamau, har da addu'a. Mako guda ba abin da ya fito sai shuuu. Kullum na dawo Inna ta ce, "Ya zo?" In ce gobe. Kunya kamar in nutse.

Ranar Asabar na haƙura na ɗauko mai gyara, wani ɗan kudu da ya daɗe a Suleja. Ya dubi farantin, ya dube ni.

"Oga, wannan salla yake yi?"

Ya karɓi lemon zaƙi a hannun matata, ya ce mu ɗauka duniya ce, ya zagaya tsakiyar lemon da yatsa. Ya ce tauraron ɗan'adam ɗin can sama yake, daidai ɗamarar duniya, yana juyawa tare da ita, shi ya sa kullum yana wuri ɗaya. Makka takan aika masa hoto, shi kuma ya watso ƙasa kamar tocila, inda hasken ya kai nan kaɗai ake samu. Mu a gefe-gefe muke, kuskure kaɗan an rasa.

Ya kwance, ya karkata farantin kudu-kudu, ya ɗaga bakinsa sama. Kafin la'asar hoto ya fito.

Na kai Inna har gaban gilashin, hancinta na neman taɓawa. Ta ƙura ido, ni kuwa ina fargabar kada a ce taurin kaina ya sa mun makara.

"Ina ganin wani baƙi a tsakiya," in ji ta, "fari na zagaya shi."

"Ita ce, Inna."

"To bar ni haka. Kada ka gaya min sauran."