Minti Goma a Argungu

Birnin Kebbi, Laraba

Ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni daga Gwadangaji zuwa tasha. Can na tarar da Malam Bello, dattijon sashenmu na koyar da noma, ya kame gidan gaba a mota. Horo za mu je Argungu, kan yadda malami zai haɗa ɗalibansa da na ƙasar waje su yi aiki ɗaya ta intanet. Lokacin abin sabon shiga ne a jiharmu.

Direba ya ce, "Malamai, in kunka iske Turawan, ku gaishe su."

Shinge ɗaya muka wuce. Kilomita hamsin da 'yan kai, bakwai da rabi mun isa.

Argungu

Masaukinmu ɗaki ne mai gado biyu da fanka mai kuka. Tuwon shinkafa da kifin da aka kawo mana kuwa, har yau ina santinsa. Yini guda Hajiya Luba, mai horar da mu, tana nanata magana ɗaya: gobe kowa zai sami minti goma da abokin aikinsa ta kwamfuta. Wanda suka daidaita kan aiki, ɗalibansa sun shiga. Wanda bai daidaita ba, sai baɗi.

Alhamis

Malam Bello aka fara kira, ƙarfe tara. Bawan Allah ya gyara zama ya shiga gaisuwa da Turanci: iyali, gajiya, aiki, yara ɗaya bayan ɗaya. Yana cewa "to, batun aikinmu", Hajiya ta ɗaga agogo, lokaci ya cika.

Ya fito yana huci. "Wane irin abu na wanga? Mutum shi faɗa ma baƙo magana babu gaisuwa?"

Gabana ya faɗi, don ni ma haka aka rene ni. Tawa abokiyar aikin farfesa ce daga Indonesiya. Na ƙudurta gaisuwa ɗaya tak zan yi, sai bakina ya zaɓi ta manoma: "Yaya ruwa?"

A wurinmu amsar gajera ce. Ita kuwa ta ɗauka tambaya ce ta gaske. Ta ce ambaliya ta cinye musu shinkafa bana, manoma sun rasa dabara. Na ce ai mutanen Gulma, nan kusa da Argungu, sun gaji shinkafar da ke bin ruwa tana tsawo. Muryarta ta canza. Minti bakwai mun gama: ɗalibaina su tambayi tsofaffin fadama, nata su tambayi nasu, a haɗa. Daɗi ya kashe ni, har na manta ban yi mata sallama ba.

Komawa

Ƙarfe huɗu muka iso Birnin Kebbi. Ban biya gida ba, makaranta na zarce na shaida wa ɗalibai. Sa'adatu, 'yar Gulma, ta ɗaga hannu.

"Malam, babana ko boko bai yi ba. Maganatai za a karanta ƙasar waje?"

Na ce, "Da ita za a fara."

Na isa gida da magariba. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa Hajiya Luba da alheri.