Mu 'Yan Nebar

Mu 'yan nebar ne. Yaran yanzu ba su san kalmar ba, sai ni da na bar lakwal, makarantar boko, a aji uku in zauna in karantar da su. Nebar Faransanci ne. Ma'aikaci ya tambayi uwarka yaushe ta haife ka, ta ce shekarar da ruwa ya ci kasuwa, sai ya ƙare maka kallo ya rubuta cewa an haife ka wajejen shekara kaza. Ba wata, ba rana. Da aka zo yin sabon kati, gwamnati ta tausaya mana ta ba mu ranar ƙarshe ta shekara, mu duka. Tsofaffin Zongo kaf rana ɗaya aka haife mu. Allah ya jiƙan ungozomar.

'Yata, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata gare ta, ita ta buɗe mini shafi a dandalin nan na waya da kowa ke ciki. Tana aiki wajen tashar jiragen ruwa, ta yi boko har ya ishe ta. Ranar gwamnati ba ta yi mata ba, wai abin kunya ne, sai ta ƙago mini wata. A gurbin suna kuma ta sa laƙabin da Zongo ta san ni da shi.

Uwarta, wato matata, ba ta rubutu, murya take turo mini a ciki. In na tafi kasuwar Bè sai in ji: "Malam, kada ka sayo kifin jiya, na san halinka da araha." Wani lokaci faɗa, wani lokaci dariya, da ƙarar turmi a bayanta. Bayan ta rasu nakan zauna a zaure da la'asar in kunna, ta yi mini faɗa in ji daɗi.

Wata damina wayar ta suɓuce daga aljihuna ina kan zemijan, babur ɗin haya, ta faɗa kwata. Aka sayo sabuwa. Kalmar sirri ta bi tsohuwar. Kamfanin dandalin ya ce ba komai, in faɗi ranar haihuwata.

"Uwata, yaushe kika haife ni?"

"Baba, wallahi na manta. Ina jin cikin watan azumi ne."

"Nasaran nan sun san watan azumi?"

Muka aika musu hoton kati. Suka ce sunan ba ɗaya ba, ranar ba ɗaya ba. Da wannan katin na yi fataucin atamfa har Kumasi, ba sojan iyaka da ya taɓa cewa ni ba ni ba ne. Na ce a haɗa ni da babbansu mu gaisa, in kawo liman da mai unguwa shaida. Uwata ta ce ba mutum a wurin, inji ne ke amsawa. To, inji ya yanke hukunci: matata tana ɗakinsu, ni baƙo ne a ƙofa.

Kwanan baya Uwata ta zo da murna. Wai samarin unguwa sun kafa nasu dandalin, injinsa na nan a shagon ɗayansu, kowace unguwa da nata amma ana gaisawa ta katanga. Ba mai tambayar kati. In zaman bai yi maka ba, ka kwashe kayanka ka koma wani.

"Naka naka ne, Baba. Ba mai rufe maka ƙofa."

"Madalla. A kwaso mini uwarki a kai can."

Ta sunkuyar da kai tana juya wayar a hannu.

Na bari ta buɗe mini, don kada ranta ya ɓaci. Shafi ne mai kyau, fes, ni ke da iko da komai na cikinsa, kuma ba komai a ciki. Jiya na gwada tuno yadda marigayiya ke jan kalmar "Malam" in ta fusata. Sai muryar Uwata ke zuwa mini.