Ɗan Sabon Gari

Ranar da na kai wa Buruno waya, watau takardar telegiram, ba ta taɓa fita raina ba. A watan Oktoba ne na 1963, ina tafinta a wani kamfanin Italiyawa mai aikin hanya tsakanin Funtua da Malumfashi. Ɗauko wasiƙu daga gidan waya ma aikina ne, duk Litinin.

Buruno shi ne shugaban magina kwalbati, watau gadojin nan ƙanana da ruwa ke bi ta ƙarƙashi. Mutum ne mai tambayar tsiya. Kowane ƙauye muka shiga sai ya ji ma'anar sunansa. A garin Ƙarfi na rama, na ce, "To kai fa, Maigida?"

Ya ce garinsu Villanova. A tsohon harshensu "villa" gidan gona ne da ya zama ƙauye, "nova" kuma sabo.

Na ce, "Ashe ɗan Sabon Gari ne kai."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce garin ya girmi kakan kakansa, amma ba a daina ce masa sabo ba. Shi ke nan sunan Ɗan Sabon Gari ya bi Buruno. Can Villanova matarsa take, da 'yar da aka haifa bayan tahowarsa. Watanni biyu suka rage ya je ya gan ta.

Ran nan na same shi tsaye kan kwalbati wajen Kafur. Na ɗaga takardar ina tsokana: "Ɗan Sabon Gari, mutanen gida sun gaishe ka."

Ya karanta, ya zame ya zauna cikin laka. Dutse ne ya zabtaro cikin wata madatsar ruwa da ke saman garinsu, ruwa ya tsallako ya share garin. Ba matar, ba 'yar.

Washegari leburori, Musulmi da Maguzawa, suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗakinsa. Ya leƙo ya ce, "Me ya hana su aiki?"

Na ce, "Gaisuwa suka zo yi maka. Haka muke yi."

Ya fito ya zauna a cikinmu. Can ya ce, "Malam Sule, 'yar nan tawa, ko sunanta ban taɓa kira ta ji ba."

Kunyar wasan nan nawa har yau tana cina. Ku da kuke aikin yanzu, ku sani ɗan saƙo bai san abin da ya ɗauko ba. Na ƙara shekara ashirin ina kai waya, ban sake miƙa wa kowa ita yana tsaye ba.